Masuncin da Ya Share wa Uwarsa Hanya

Akwai wani mutum, masunci, wanda gidansa yake kusa da wani tafki. Yana da mata da 'ya'ya, yana kuma da uwa tsohuwa wadda ta makance tun da daɗewa. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba, yadda iyayenmu na dā suke jin kunyar ɗan fari. In tana nemansa sai ta ce, "Ina yaron nan?" Yaron nan kuwa har furfura ta fara leƙo masa a gemu.

Tsakanin gidan da ruwa 'yar tafiya ce kaɗan, amma wurin a cunkushe yake. Kyauro ya tashi ya fi mutum tsayi, da 'yar siririyar hanya ta ratsa cikinsa. A gaba akwai wata tsohuwar bagaruwa, rassanta cike da sheƙar tsuntsayen nan masu saƙa, waɗanda tun da Allah ya halicce su ba su koyi yin shiru ba. Daga gindinta zuwa ruwa ciyawar burugu ce kwance, kwaɗi suna ta harkarsu a ciki. Idan damina ta kawo ruwa, cikin wannan ciyawa kifi yake shiga ya zuba ƙwai, 'ya'yansa su ɓuya har su yi ƙwari. Shi ya sa mutumin nan ba ya zuwa nesa. Kusa da gaɓa yake zuba ragarsa, in ya ɗaga kai yana hango rufin ɗakinsa.

Kowace safiya tsohuwar takan ɗauki sandarta da 'yar butar duma ta nufi tafki. Ba don babu ruwa a randa ba, surukarta ba ta wasa da cika randa. Ita dai tana so ta zauna a kan saiwar bagaruwa, ta wanke fuskarta, ta yi addu'a, ta rera waƙar yabo da muryar da ta riga ta tsufa, sa'an nan ta ciko butarta ta dawo. Daga cikin dukan abin da take yi sa'ad da take gani, wannan kaɗai ya rage mata wanda take yi da kanta. Wanda duk ya kama mata hannu sai ta fizge, ta ce, "Ku bar ni, na san hanyata."

Ɗan yana ƙaunar uwarsa ƙwarai. Daga cikin kwalekwale yakan hango ta tana tafe a hankali, hannunta na hagu yana shafar kyauro, sai tausayi ya kama shi, ya ce a ransa, "Dubi yadda ciyawar nan take tare mata hanya." Bai taɓa tambayarta yadda take gane hanyar ba. Mutum ne mai saurin aiki da jinkirin tambaya, irinsa kuwa ba su da wuyar samu, har a cikin masu sauraron nan.

Wata rana da bazara ta dawo tana ɗingishi, jini yana ɗiga a diddigenta. Ƙayar bagaruwa ce ta taka. Ya zaunar da ita, ya ɗora ƙafarta a cinyarsa, ya cire ƙayar da allura. Ita kuwa dariya take yi.

Ta ce, "Ƙaya ce fa kawai. Ni da bagaruwar nan mun daɗe muna faɗa muna shiryawa."

Shi bai yi dariya ba. Da ya bi hanyar don ya ga inda abin ya faru, sai ya tarar da saɓar maciji rataye a jikin kyauro. Nan take ya yanke shawara, bai gaya wa kowa ba.

Ba a daɗe ba ƙanwarsa da ke aure a wani ƙauye ta aiko aka tafi da tsohuwar, ta yi musu 'yan kwanaki. Tana juya baya ya wasa addarsa da gatarinsa. Ya sare kyauron duka, ya tara, ya cinna masa wuta. Ya nome burugu har saiwa. Daga ƙarshe ya zo kan bagaruwa. Da itacen ya faɗi, tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, suka yi ta kewaya wurin suna kuka har rana ta yi tsaka, sa'an nan suka tafi. Ransa ya ɗan sosu, amma ya ce, "Don Inna nake yi." Ya tsince ƙaya ɗaya ɗaya, ya share wurin tas, ya kwaso farin yashi ya zuba tun daga ƙofar gida har bakin ruwa. Tafin hannunsa duk ya yi bororo, bai damu ba.

Maƙwabta suka zo kallo. Suka ce, "Kai, wuri ya yi kyau kamar tsakar gida! Ashe haka bakin ruwan nan yake da faɗi?" Kowa ya koma ya ɗauki addarsa. Kafin wata ya mutu, gaɓar tafkin ta gefen ƙauyen ta zama fili fetal, ba inda ƙadangare zai ɓuya.

Ranar da tsohuwar ta dawo, ɗan bai bari ta huta ba. Ya ce, "Inna, zo ki ji abin da na yi miki." Ya kama hannunta, ta bar shi, suka taka yashin nan mai laushi har bakin ruwa. Ta miƙa hannun hagu, ba ta taɓa kome ba. Ta tsaya, ta karkata kai tana saurare.

Ta ce, "Ina tsuntsayen?"

Ya ce, "Sun koma wani wuri, Inna. Yanzu ba ƙaya, ba maciji. Ko ba takalmi sai ki zo."

Yatsunta suna cikin tafin hannunsa, suna bin bororon nan ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta ce, "Sannu da aiki, yaron nan. Allah ya yi maka albarka." Ya koma gida da farin ciki, ya ci tuwo har da ƙari.

Daga ranar fitarta ta canja. Takan daɗe ba ta dawo ba, wani lokaci kuma ta dawo da buta ba ruwa, ta ce yau ba ta jin ƙishi. Sannu a hankali ta rage fita, waƙar safe ma ta daina. Matar mutumin ta ce masa, "Maigida, Inna fa ba ta jin daɗi." Ya ce, "Tsufa ne." Ya sayo mata magani a kasuwa, ta karɓa ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin tabarma.

Sai damina ta faɗi. Ruwan farko ya zo da ƙarfi, bai tarar da abin da zai tare shi ba. Ya kwashe farin yashin, ya kwashe toka, ya kwashe ƙasar gonakin da ke sama, ya zuba duka a cikin tafki. Ruwan da dā ake ganin ƙasansa ya zama ja. Gaɓar da saiwar ciyawa take riƙe da ita ta fara zaizayewa, inda ƙafa take samun ƙasa mai ƙarfi ya zama taɓo. Shanu suka ga fili, suka riƙa sauka ta ko'ina suna ƙara dama wurin. Kifi ya zo zuba ƙwai yadda ya saba, bai sami ciyawa ba, ya juya. Mutumin ya zuba raga inda ya saba, ya jawo laka. Dole ya riƙa tuƙa kwalekwalensa can tsakiya, inda ko ya ɗaga kai ba ya hango rufin ɗakinsa sosai, balle tsohuwa da sanda.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, yana can tsakiyar tafki yana jan raga, sai iska ta kawo masa wata murya daga nesa: "Yaron nan! Yaron nan!" Bai ko waiga ba. Kowane namiji a kan tafkin nan yaron wata ne, ya ɗauka wata mata ce take kiran ɗanta. Ya ci gaba da aikinsa.

Sai muryar ta sāke tashi, a shaƙe, da kuka a cikinta:

"Anaruwa!"

Sunansa ke nan. Ana tsuga ruwan sama aka haife shi, shi ya sa aka sa masa. Ya ji sunan a bakin abokai, ya ji shi a bakin dattawa, ya ji shi a bakin masu sayen kifi, amma bai taɓa jin sa a wannan murya ba. Ya san ba ƙaramin abu zai sa uwarsa ta ajiye kunyar da ta riƙe tun ranar haihuwarsa ba. Ya saki ragar da kifin da ke ciki, ya kama filafili, ya yi ta tuƙi kamar hannuwansa za su cire.

Ya same ta nesa da inda ta saba zama, ta nutse cikin taɓo har cinya, ruwa yana lasar zanenta. Sandar ta shige ta ɓace. Butar ce kawai ta rungume a ƙirji. Ya diro, shi ma ya nutse, ya kwanta rub da ciki ya ja jiki har ya kai gare ta. Da ƙyar ya zaro ƙafafunta. Ya goya ta a bayansa yadda ta taɓa goya shi, ya ji ba ta da nauyi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara karya masa zuciya.

A gida matarsa ta ɗora ruwan zafi. Ya durƙusa yana wanke wa uwarsa ƙafa, ya ce, "Inna, me ya kai ki can? Ga hanya a buɗe."

Ta ce, "Wace hanya? Ni ban ji hanya ba."

Ya ɗaga kai ya dube ta.

Ta ce, "Dā in na fito, kyauro ne yake kama hannuna, shi yake raka ni. In na ji surutun tsuntsaye a bisa kaina, na san na iso bagaruwa, sai in juya dama. In ƙafata ta taka burugu, na san ƙasa za ta riƙe ni. In kwaɗi suka fara faɗawa ruwa, tsulum, tsulum, sai in tsaya, na iso. Su ne idanuna, yaron nan. Yanzu in na fito, gabas da yamma duk ɗaya ne. Yau kewar wurin ta dame ni, na ce bari in gwada."

Ya ce, "To, me ya sa ba ki faɗa mini ba tun ranar?"

Ta ce, "Na taɓa hannunka."

Mutumin ya kifa kansa a gwiwarta ya yi kuka, kuka sosai, bai ji kunyar matarsa ba. Tsohuwar ta dafa kansa, ta ce, "Ya isa. Ai ba da mugunta ka yi ba."

Kashegari, da yake shi mai saurin aiki ne, ya kafa turaku daga ƙofar gida zuwa inda ƙasa ta fi ƙarfi, ya ɗaura igiya. Ta bi igiyar ta je ta dawo. Ya tambaye ta yadda ta ji, ta ce, "Tana kai ni, amma ba ta gaishe ni." Bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ruwa, gaɓar ta sāke zubewa, ta tafi da turakun ƙarshe. A nan ya gane igiya ba ta riƙe ƙasa.

Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a gabanta ya tambaya. Ta gaya masa inda kyauro ya fara da inda ya ƙare, da inda hanyar ta lanƙwasa. Ya tuƙa zuwa ƙetaren tafki, inda adda ba ta kai ba tukuna, ya haƙo saiwar kyauro da ta burugu, ya ciko kwalekwale, ya zo ya dasa cikin taɓo. Ya kewaye wurin da shinge saboda shanu, ya bar musu mashaya guda a gefe. Maƙwabta suka tsaya suna dariya, suna cewa, "Jama'a, ku zo ku ga masunci yana noman ciyawa!" Ya ci gaba da dashensa. Su ma ragarsu laka take jawowa, daga baya ɗaya ya daina dariya ya zo roƙon saiwa, wani ya biyo shi.

Abin da aka sare cikin 'yan kwanaki bai dawo cikin 'yan kwanaki ba. Rabin dashen ruwa ya tafi da shi, ya sāke dasawa. Wata rana ya ga kututturen bagaruwa ya yi tofo, 'yan ganye kore shar. Ya tsaya a kansa kamar wanda ya tsinci ɗan'uwa, ya kewaye shi da ƙaya don awaki. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata damina ta zo. Duk wannan lokaci shi yake kama hannun uwarsa kowace safiya ya kai ta bakin ruwa kafin ya shiga kwalekwale. Ba ta fizge hannu, ba ta kuma rera waƙa. Yana jin yatsunta suna ƙara sirancewa a cikin nasa. Tsoronsa ɗaya ne, kada Ubangiji ya kira ta kafin ta sāke bin hanyar nan da ƙafarta. A kan wannan yake addu'a.

Kyauro ya kai gwiwa, ya kai ƙirji, ya wuce kai. Burugu ya kwanta ya kama ƙasa. Ruwan bakin gaɓa ya fara washewa, har ana ganin 'ya'yan kifin karfasa suna gilmawa. Kwaɗi ne suka fara dawowa, da yake su ba sa jiran gayyata. Bagaruwa ta yi rassa, amma ba kowa a kanta.

Sai wata safiya, sun fito ke nan daga ƙofar gida, tsohuwar ta tsaya cak. Ta karkata kai. Shi bai ji kome ba tukuna. Da ya kasa kunne sosai, sai ya jiyo 'yar hayaniya can gaba, tsuntsaye biyu ko uku suna gardama a kan reshe.

Ta ce, "Saki hannuna."

Ya ce, "Inna..."

Ta ce, "Yaron nan, na ce ka saki hannuna. Na san hanyata."

Ya saki. Ta miƙa hannun hagu, kyauro ya taɓa ta. Ta fara tafiya a hankali, yana biye da ita a baya, yana ɗaga ƙafa kada ta ji motsinsa. Da ta zo ƙarƙashin tsuntsayen ta juya dama. Ta taka burugu. Kwaɗi suka faɗa ruwa, ta tsaya. Ta lalubi tsohuwar saiwar ta zauna, ta wanke fuskarta, sai ga waƙar yabo ta fito, muryar tana rawa. Mutumin ya tsaya cikin kyauro, hawaye yana bin gemunsa, bai matsa kusa ba har ta gama.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Bakin tafkin nan duniyar da Allah ya danƙa mana ce, mu yi aiki a cikinta, mu kuma kiyaye ta. Bai dasa kome a cikinta a banza ba. Ciyawar da muke kira datti ita take riƙe ƙasa, ita take tace ruwa, a cikinta kifi yake renon 'ya'yansa. Kada ku ce wannan magana ta ruhaniya ce kawai. Wanda yake da gona a bakin rafi ko tafki, ya bar wa ruwa gefensa, kada ya nome har cikin ruwa. Mai gatari ya tsaya ya duba kafin ya sare itacen gaɓa. Mai wanki da mai zubar da shara su tuna akwai masu sha a ƙasa da su.

Tsohuwar ita ce marasa ƙarfi a cikinmu, tsofaffi, da marasa lafiya, da matalauta, da 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna. Idan wuri ya lalace, mai ƙarfi yakan tuƙa kwalekwalensa ya yi gaba. Su ne suke nutsewa. Sau da yawa kuma ba sa magana, don suna ganin wahalarmu, ba sa so su ɓata mana rai.

Masuncin kuwa, ni ne, ku ne. Ku lura, ba mugu ba ne, ba mai haɗama ba ne. Ƙauna ce ta sa ya ɗauki adda. Abin da ya rasa ɗaya ne, bai tambaya ba. Mu ma haka muke yi a gida da cikin ikkilisiya. Mukan raba tsoho da 'yar gonarsa mu ce ya huta, mu ɗauke wa gwauruwa aikin sharar ɗakin sujada mu ce mun tausaya mata, alhali abin nan shi ne hanyarta zuwa wurin Ubangiji kowace safiya.

Tofon kututturen nan jinƙan Allah ne. Wanda ya tuba ya koma dashe, Ubangiji yana ba da girma, ko da yake ba ya gaggawa irin tamu. Mutumin nan an ba shi lokaci, uwarsa ta sāke bin hanyarta kafin ta huta. Ba kowa ake ba wannan lokaci ba.

Saboda haka, cikin makon nan, kafin ka gyara wa wani abu, ko a bakin ruwa ko a cikin gidanka, ajiye addar tukuna. Je ka zauna kusa da shi, ka ce, "Yaya kake gane hanyarka?" Ka tambaya tun yana kan busasshiyar ƙasa. Kada ka bari sai ya kira sunanka daga cikin taɓo.